Inci huɗu a littafin awo

Ni tela ne a birnin Katsina, shagona ba shi da nisa da Ƙofar Marusa. Duk wanda na taɓa yi wa ɗinki, awonsa na nan cikin wani tsohon littafi da nake ajiyewa a ƙarƙashin teburin yanka. A littafin nan na fara gane ɗan yayata ya bar yarinta. Azumi ya kama, an kawo yadin kayan sallarsu, na ɗora mashi tef daga kafaɗa zuwa idon sawu, sai na ga ya ƙaru da kusan inci huɗu a kan na bara. Na sake aunawa, don na zaci idona ne. Shekararsa 14 a lokacin. Da na zo awon ƙirji kuwa sai ya ja da baya, ya harɗe hannuwa.

Bayan salla Yaya ta aiko in zo. Shi ne ɗanta na fari, ko sunansa ba ta kamawa, mahaifinsa ma ba ya sakar mashi fuska a gaban mutane. Ta ce, "Yaron nan naka ya canza mani. Asuba sai da faɗa yake tashi, ya daina zama cikin ƙannensa, magana ɗaya biyu ya haɗe rai. Ka ja shi shago."

Na ja shi, amma da mugun zato. Raina ya ba ni ko shaye-shaye ne. Mako uku ina laluben aljihunsa in ya fita alwala, ina bincikar su wa yake yawo da su. Har zaunar da shi na yi, na tsare shi da ido na ce ya faɗa mani gaskiya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Kawu." Laluben nan har yau yana damuna, don daga baya na gane ya sani.

Bakinsa ya buɗe ne wani dare da aka ɗauke wuta. Muna zaune kafaɗa da kafaɗa muna ɗinka maɓallai da hasken waya, kowa idonsa na kan allurarsa. Ban san abin da ya ja ni ba, na kama ba shi labarin kaina: yadda na fara mafarki ina ɗan shekara 15, na yi watanni ina salla da alwala kawai, sai da na ji wani malami yana karantar da wanka a zaure tsakanin magariba da isha'i, gabana ya faɗi. Allurarsa ta tsaya. Can ya ce, "Kawu, to wanda ya yi azumi a haka fa?"

Ashe wata biyar ke nan yana ɗauke da abin shi kaɗai. Ya karanta Ahalari a Islamiyya, hukuncin wanka a kansa yake, amma babu wanda ya taɓa ce mashi karatun nan da kai yake. Washegari muka je wurin limaminmu, ya ce azuminsa na nan, mafarki ba ya karya shi, sallolin ne zai rama. Ya ƙara mashi da cewa a mazhabar Malikiyya ana gane balaga da mafarki, ko haila, ko fitowar gashin mara, in babu ko ɗaya sai cikar shekara 18.

Sai maganar ƙirjin. Wani ƙullutu ne ya fito mashi a ƙarƙashin kan nono, yana zafi, abokansa suka ce alamar zai koma mace ne. Akwai wani ma'aikacin jinya da nake yi wa ɗinki, na kai shi ya duba. Ya ce kusan rabin samari na yin haka lokacin da sinadaran jiki ke tashi, kuma galibi yakan baje da kansa cikin watanni, in ya daɗe shekara biyu. Shi ne ya faɗa mani cewa namiji kan fara balaga tsakanin shekara 9 da 14, mace tsakanin 8 da 13, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya na lissafa zangon samartaka daga shekara 10 zuwa 19. Barcin asubar ma ya ce ba taurin kai ba ne kaɗai: a shekarun nan barci kan jinkirta zuwa da dare, alhali jiki na neman awa 8 zuwa 10. Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna abin da zai je ya dawo, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Ke nan ina kallon mai tsawona, ina neman hankalin ɗan shekara 40 a wurinsa.

Ba na cikin masu zagin kunya, da ita aka raine ni kuma ina son ta. Amma mutanen zamanin da ba su bar ta ita kaɗai ba. In uba bai iya magana da ɗan fari, ga kawu, ga gwaggo, ga kaka da ke fakewa da wasa ya faɗa wa jika abin da babu mai iya faɗa. Duk a gida ɗaya ko unguwa ɗaya. Yanzu kowa ya ware da iyalinsa a bayan gari, kunyar ta bi mu, masu ɗaukar maganar ba su biyo ba. Yaro ya tambayi wa? Sai waya da majalisa. Kuma hadisin da ya ce a umarci yara da salla suna shekara 7, a raba masu makwanci suna 10, ai yana nuna tun kafin abin ya zo ake shiri.

A ƙauyen kakanmu, in saurayi ya tasa, ban da aikin gandu akan yankar mashi gayauna, abin da ya noma nasa ne. Ni ba ni da gona, sai na ba shi tsohon kekena na ƙafa da duk aikin gyara da facin da ke shigowa, kuɗin nasa. Wata rana ya ƙona wa wani dattijo hannun shadda da dutsen guga. Ashar ta zo mani har baki, ga mutane a shago, na haɗiye. Da dare na ce shi zai je da ƙafarsa ya ba da haƙuri, shi kuma zai biya. Ya je jiki na rawa. Mako bakwai yana tarawa. Dattijon ya karɓi rabi ya yafe rabi, kuma yanzu in ya kawo ɗinki shi yake tambaya, ba ni ba.

Na faɗa wa Yaya cewa mata kan riga maza, don haka maiɗakina ta ja ƙanwarsa mai shekara 10 a jiki tun bara. Ƙaninsa kuma bana ya cika 12. Da na yanka wandonsa na salla na bar mashi kalmasa mai faɗi, na kuma ce ya riƙa zuwa shago duk Alhamis da dare, akwai maɓallan da za mu ɗinka.