Ƙofar mota a Vík

Ƙarfe sha ɗaya na dare a Vík, wani ƙauye a kudancin ƙasar Ayislan, amma gari fes kamar bayan la'asar. Yara sun yi barci a gadon sama na motar kwana da muka yi haya, bayan na toshe tagogi da zannuwa biyu. Abban yara yana waje wai yana duba taya. Ni da shi duk mun san ba taya yake dubawa ba.

Da safe lafiya lau muka tashi. Shayi da ƙwai a kan ɗan murhun gas ɗin motar. Muka tsaya a Seljalandsfoss, inda ruwa ke zubowa daga tsayin mita 60 kuma mutum yana iya zagayawa ta bayansa. Muka jiƙe sharkaf, Auta tana ta ihun murna. Daga titi ana hango dutsen nan da ya yi aman wuta a 2010 har jiragen Turai suka yi kusan mako ba su tashi ba. Eyjafjallajökull. Rubutawa na iya, faɗa kuwa sai mutanen Ayislan.

Sai muka iso Reynisfjara, bakin tekun nan mai baƙin yashi.

Ranar da muka karɓi motar, ma'aikacin wurin hayar sai da ya maimaita mana sau uku: in za ku buɗe ƙofa ku riƙe ta da hannu biyu, iskar ƙasar nan tana fizge ƙofa ta lanƙwasa ta, kuma inshora ba ta biyan wannan. Ta tsakuwa mun saya, ta yashi da toka mun saya, ta iska ce babu. Na gyaɗa kai, a raina ina cewa yo mu da muka tashi cikin iskar farkon damina mai yaye kwanon gida, wa zai ba mu labarin iska?

To, da hannu ɗaya na buɗe, ɗayan yana riƙe da buta. Kafin in ankara ƙofar ta kufce mini, ta bugu baya, ƙaf!

"Haba! Sau nawa aka gaya miki? Kin san nawa suka riƙe a katina?"

Bai ko dubi hannuna ba, alhali wuyan hannun har yanzu zogi yake. A gaban yara, a gaban wasu tsofaffi biyu da suka ajiye tasu motar kusa da mu. Tsohuwar ta kau da kai da sauri, kuma wallahi wannan kau da kan ya fi maganar yi mini ciwo.

Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Abban yara." Ya ji yadda na faɗe ta. Ya ce shi ba wannan ya tambaye ni ba.

Ƙofar dai tana rufuwa, sai ɗan ƙara da take yi in an tura ta.

Akwai alluna a bakin tekun masu gargaɗin kada a juya wa ruwa baya, don igiyar wurin tana zuwa ba sallama, ta sha jan mutane. Na damƙe hannun yara gam. Tekun ban juya masa baya ba, Abban yara na juya wa.

Abin da babu wanda ya gaya mini game da irin wannan tafiya shi ne ba wurin yin fushi. A gida in raina ya ɓaci sai in shige kicin in yi ta buga tukwane, ko in ja ƙofar ɗaki. Nan kuwa gidan gaba ɗaya bai kai taku takwas ba. Ina yanka albasa, gwiwar hannuna na zungurin kafaɗarsa. Tukunyar da zan dafa taliya tana ƙarƙashin kujerar da yake zaune, dole na buɗe baki na ce "gafara". Waje kuma sanyi ne da iska. Ba dama ma mu ja gefe can nesa da jama'a in faɗi abin da ke raina, tunda doka ta hana kwana cikin irin wannan mota sai a filin da aka keɓe, kuma a nan maƙwabcinka yana jin tarinka.

Hajiya ta kira. Na zagaya da ita cikin motar ta bidiyo, ta yi shiru, sannan ta ce, "Wato kuɗi kuka biya don ku kwana a mota kamar direbobin tirela?" Na yi dariya har da ƙwalla. Ban gaya mata zancen ƙofa ba. Na san abin da za ta ce, haƙuri.

Tumaki ko'ina, suna tsallaka titi ba mai kora. Bayan gida ya kusa cika, kuma gobe layinsa ne na zubarwa, ba zan tuna masa ba.

Titi mai lamba 1 da ya zagaye ƙasar ya haura kilomita 1,300. Ba mu ci 200 ba tukuna.

Magariba sai wajen sha biyu saura, ita nake jira. Ga shi nan ya taho. Da hannu biyu ya riƙe ƙofar, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, yana satar kallona. Ban yi dariya ba tukuna.