Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Gonar Inabi a Kudancin Faransa

A makon jiya na tsaya ne a inda makarantar koyon aikin gona ta Montpellier ta rarraba mu zuwa gonaki domin mu koyi aiki da hannu, a tsakiyar shekarun 1980. Ni an tura ni wata gonar inabi a lardin Hérault, wadda iyali ɗaya suke riƙe da ita tun kaka da kakanni. Tun ranar farko na shaida wa mai gonar cewa ni Musulmi ne, ba na shan giya kuma ba zan sa hannu a matsarta ba. Tsohon bai ja maganar ba, ya ce ai aikin kuranga kaɗai ya ishi mutum har ƙarshen ransa, ya miƙa mini wuƙar aure, wato ta haɗa reshen wata kuranga da gindin wata, da almakashin sassabe.

Tsohon ba mai yawan magana ba ne, amma idan aka taɓo tarihin gonar sai bakinsa ya buɗe. Kullum daga kakansa yake farawa, wanda a zamaninsa ne annobar ƙwaron filoksera ta auka wa yankin. Ƙwaro ne ƙanƙani da ya shigo Turai tare da kurangun da aka kawo daga Amurka, yana tsotsar saiwa a ƙarƙashin ƙasa, manomi bai ankara ba sai ya ga ganye ya yi rawaya, bayan shekara biyu ko uku kurangar ta bushe. A shekarar 1868 ne Jules-Émile Planchon, masanin tsirrai na Montpellier, da abokan aikinsa suka gano shi a jikin saiwa. Manoma sun gwada dabaru iri-iri: wasu suka riƙa malale gonakinsu da ruwa a lokacin sanyi, wasu suka tura magani cikin ƙasa, wasu suka koma shuka a rairayin bakin teku wajen Aigues-Mortes, inda ƙwaron ba ya iya rayuwa. Abin da ya ceci gonakin a ƙarshe shi ne aure, wato a ɗauki reshen inabin Faransa a haɗa shi da gindin inabin Amurka wanda saiwarsa ke jure ƙwaron. Kakan nasa ya tumɓuke gonar baki ɗaya ya sake shuka ta, iyalin suka yi shekaru suna cin bashi kafin sabuwar kurangar ta fara haihuwa, alhali maƙwabta da dama sun sayar da filayensu sun tafi birni.

Ya kan durƙusa ya tona gindin kuranga da yatsa ya nuna mini ƙullin da ke kusa da ƙasa, inda reshe da gindi suka haɗu suka warke. Ya koya mini yadda ake fere itacen biyu da yanka ɗaya mai santsi, a tsaga harshe a kowanne, a cusa su cikin juna har ɓawo ya dace da ɓawo, domin idan koren da ke ƙarƙashin ɓawon bai haɗu ba, aikin ya tashi a banza. Abin da na koya a makaranta cikin littafi, a nan hannuna ya gane shi.

Bayan annoba sai yalwa ta zama masifa. Kowa ya shuka irin Aramon mai yawan 'ya'ya, ga giyar jabu da ake haɗawa da sukari, farashi ya faɗi warwas. Mahaifin tsohon yana saurayi aka tafi da shi gangamin 9 ga Yuni 1907 a Montpellier, inda manoma fiye da dubu ɗari biyar suka amsa kiran jagoransu Marcelin Albert domin nuna fushinsu kan giyar jabu da faɗuwar farashi. Sojoji sun harbe mutane a garin Narbonne a watan, kafin gwamnatin firaminista Clemenceau ta kafa dokar hana algus. Shi kuwa tsohon nasa rabon jarrabawar ya zo masa a sanyin Fabrairu 1956, wanda ya kashe itatuwan zaitun na gidan da wani sashe na kurangun.

Duk waɗannan shekaru suna rubuce a wani littafi mai baƙin bango da matarsa ke ajiyewa a ɗakin girki, ranar fara tsinka, nauyin abin da aka samu, ruwan da aka yi, da rubutun hannun mutum uku daban-daban. A ganina wannan littafin ya fi gangunan giyar da ke ƙarƙashin gidan daraja, domin da shi suke sanin wane fili ne ke jure fari.

Lokacin da nake can, hukuma tana biyan manoma kuɗi su tumɓuke kurangunsu saboda giya ta yi yawa a kasuwa. Ɗan tsohon yana so a karɓa, 'yarsa kuwa tana so a cire tsohon iri a shuka irin Syrah da Grenache, a rage yawa a ƙara inganci. Yadda gardamar ta kaya a teburin cin abinci, da shawarar da tsohon ya yanke, shi zan kawo muku a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.