Juma'a a cikin ganuwar Famagusta

Yau dai na haƙura da baccin bayan lakca na bi abokin ɗakina cikin ganuwa, wai sai mun yi Juma'a a masallacin Lala Mustafa Pasha. Wata bakwai ina garin nan na tsibirin Cyprus ban taɓa leƙawa ba, abin kunya wallahi.

Tun daga nesa na ce masa kai malam wannan ai coci ne. Ashe cocin ne da gaske, St Nicholas, tun 1298 aka fara gininsa zamanin sarakunan Lusignan, Kiristocin da ke mulkin tsibirin a lokacin, kuma a ciki ake naɗa su sarautar Ƙudus, sai da Turkawa suka ci garin a 1571 suka kwashe gumakan suka ɗora wata 'yar hasumiya a saman gefe guda, kana ganinta ka san daga baya ta zo.

Ciki sanyi kamar randa. Na cire takalmi na miƙe zan yi nafila ina kallon can ƙuryar gaba inda dogayen tagogin suke, kawai na ji wani dattijo ya dafa kafaɗata ya juya ni wajen bangon gefe, bai ce uffan ba. Masu ginin gabas suka sa gaba, alƙibla kuwa daga nan kudu-kudu take. Abokina har da ƙyaƙyata dariya, Allah ya isa.

Amma abin da ya tsaya min a rai bishiyar ƙofar ce. Ɓaure! Irin namu sak, 'ya'yan a manne jikin reshe. Mutanen garin cümbez suke ce mata, wai sa'ar ginin ce, shekara sama da 700. Na daɗe zaune a gindinta ina tuna na bayan gidan kakata.

Bayan la'asar muka haɗa kuɗin tasi zuwa gidan zuhudun St Barnabas kusa da kangon tsohon birnin Salamis. Ginin na 1756 ne, masu zuhudun ƙarshe su 3 'yan uwan juna sun tashi a 1976, yanzu gidan tarihi ne cike da zanen waliyyansu. Kabarin shi St Barnabas ɗin sai ka sauka matakala, duhu da ƙaurin kyandir, wata mata na tsaye tana hawaye, muka fito sumsum. Nan wayata ta mutu, ko hoto ɗaya.

Da dare na ba Umma labari, ta yi shiru sannan ta ce to sallar ta yi kuwa? Ta ce gobe sai ta tambayi malam.