Ƙaramar tarakta: ka fara da abin da za ta ja, kafin ka tambayi doki nawa ce

Tambayar farko da yawancin masu neman ƙaramar tarakta suke yi wa dillali ita ce, doki nawa ce, wato nawa ne ƙarfin injinta? Tambayar tana da amfani, amma ba ita ya kamata ta zo farko ba. Tarakta ita kaɗai ba ta noma, ba ta yankan ciyawa, ba ta kwasar ƙasa. Aikinta ta ja, ta ɗaga, ta juya abin da aka ɗaura mata. Don haka mai 'yar gona, ko hekta ɗaya ce ko goma, ya fara rubuta ayyukan da yake so a yi masa a shekara: kaftu, huɗa, yankan ciyawa, jan tirela, ɗaukar taki, gyaran hanyar shiga gona. Sai ya ja layi a ƙarƙashin wanda ya fi nauyi kuma ya fi yawan maimaituwa. Wannan aikin shi zai nuna na'urar da za a ɗaura, na'urar kuma ita za ta nuna taraktar da za a saya. Daidai ruwa daidai tsaki.

Akwai lissafi mai sauƙi da zai hana ka sayen abin da ya fi ƙarfinka ko wanda ya yi maka kaɗan. Ka ninka faɗin na'ura a mita da gudun tarakta a kilomita cikin awa, ka raba da 10, sai ka rage kashi ɗaya cikin biyar saboda juyawa a bakin gona da tsayawa, abin da ya saura shi ne hektar da za a yi a awa. Injin yankan ciyawa mai faɗin mita 1.5 a gudun kilomita 5 zai ci kusan hekta 0.6 a awa. Injin kaftu mai juyawa, mai faɗin mita 1.2, ba a gudu da shi, kilomita 2.5 ya isa, don haka hekta ɗaya za ta ci maka wajen awa huɗu. Idan gonarka hekta uku ce, aikin kwana biyu ke nan, ba ka buƙatar babbar tarakta. Idan hekta goma sha biyar ce kuma kwanakin shuka ƙidayayyu ne, lissafin da kansa zai gaya maka ƙaramar ba za ta kai ka ba.

Ƙarfin doki iri biyu ne, kuma a nan ake ruɗa mutane. Wanda ake rubutawa da manyan lambobi a takardar talla ƙarfin inji ne. Wanda na'urarka za ta samu shi ne ƙarfin da ke fitowa ta sandar PTO, wato guntun ƙarfen nan mai haƙora shida da ke juyawa a bayan tarakta sau 540 a minti. Tsakanin biyun ana asarar kusan kashi ɗaya cikin biyar, wani lokaci har ɗaya cikin huɗu. John Deere 1025R, alal misali, injinta ya kusa doki 24, amma abin da ke isa sandar baya wajen doki 18 ne. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi wajen injin yankan ciyawa ita ce doki biyar na PTO ga kowane santimita 30 na faɗi. Doki 18 ke nan zai riƙe mai faɗin kusan mita 1.1, ko 1.2 idan ciyawar ba ta yi kauri ba. Ka ɗaura masa mai mita 1.5 a cikin duhuwar ciyawa, za ka ji injin yana nishi, yana baƙin hayaƙi, zafinsa yana hawa.

Abin da na fi so mai saye ya riƙe shi ne nauyi. Ƙarfin inji ba ya isa ƙasa sai ta tayoyi, tayoyi kuma ba sa kama ƙasa sai da nauyi a kansu. Ka kwatanta taraktoci biyu na kamfani ɗaya. Kubota BX2380 tana da doki kusan 23, nauyinta wajen kilo 650. Kubota L2501 tana da doki kusan 25, amma nauyinta ya haura kilo 1,100. A takarda bambancinsu doki biyu ne kawai. A gona kuwa, idan an ɗaura garma a ƙasa mai tauri, ta farkon tayoyinta za su yi ta wulwulawa suna haƙa rami injin bai ma gaji ba, ta biyun kuma ta wuce da garmar. Haka nan wajen ɗagawa: ta farkon tana ɗaga kusan kilo 300 a baya, ta biyun sama da kilo 600. Ƙananan sosai, irin ta farkon, suna da nasu wurin. Sun dace da yankan ciyawar fili, da lambu, da shiga lungu tsakanin bishiyoyi. Amma cikinsu yana kusa da ƙasa, bai fi taƙi ɗaya da 'yan kai ba, kuma a wasunsu fankar da ke sanyaya giya tana nan ƙarƙashi inda kututture ko sanda za su iya karya ta. Wanda zai yi huɗa, ko zai bi ta kan kunya, ko gonarsa tana da kututturai da ramuka, a ganina ya tsallake wannan aji ya hau na gaba, ko da lambar dokin ɗaya ce.

Sai maratayin baya mai hannu uku, wanda Harry Ferguson ya ƙirƙiro, ya kuma bazu a duniya tun fitowar taraktar Ford 9N a 1939. Hannu biyu a ƙasa suna ɗagawa, ɗaya a sama yana daidaita kwanciyar na'ura. Girmansa aji-aji ne. Yawancin ƙananan taraktoci aji na 1 ne: fin na ƙasa kaurinsa milimita 22, na sama milimita 19. Aji na 2 na manya ne, milimita 28 da 25. Kafin ka sayi garma ko haro da aka taɓa amfani da shi, ka auna fin ɗinsa. Akwai kuma tarko a ƙananan sosai: ana rubuta musu aji na 1, fin ɗin ya shiga daidai, amma hannayen gajeru ne kuma ba sa ɗagawa sama sosai, sai ka ga doguwar na'ura tana jan ƙasa ko an ɗaga ta iya ɗagawa. Idan kana duba ƙarfin ɗagawa a takarda, ka nemi lambar da aka auna a santimita 61 bayan bakin hannayen. Ita ce ta kusa da gaskiya, domin nauyin na'ura ba a bakin fin yake zama ba, yana can baya.

Lodar gaba, mai cokalin kwasar ƙasa, ita ce abin da masu ƙananan gonaki suka fi amfani da shi bayan sun saya, ko da ba don ita suka saya ba. Ya fi sauƙi a saye ta tare da taraktar da a nemi wadda za ta dace daga baya. Amma tana zuwa da sharuɗɗa. Na farko, taraktar ta kasance mai ja da ƙafa huɗu, domin da zarar cokali ya cika nauyi ya koma gaba, tayoyin baya sun yi sakayau, mai ja da baya kaɗai sai ta tsaya tana wulwula taya. Na biyu, a sa nauyi a baya. Ana iya rataya akwatin ƙarfe cike da kankare a maratayi, ko a bar na'ura mai nauyi a ɗaure, ko a cika tayoyin baya da ruwa zuwa kashi uku cikin huɗu, a bar sauran ga iska. Inda sanyi ke daskarar da ruwa dole a haɗa shi da abin hana daskarewa, kuma ruwan gishirin da wasu ke zubawa yana cin ƙarfen wili idan babu tub. Ruwan taya yana taimaka wa kamun ƙasa, amma ba ya sauke wa ƙafar gaba kaya. Nauyin da aka rataya a bayan ƙafar baya shi ke yin wannan. Rashinsa ne ke kashe boris da sil na ƙafar gaba tun taraktar ba ta tsufa ba. Nan ma ka lura da inda aka auna ƙarfin ɗagawa: lambar da aka auna a kan fin ɗin cokali ta fi girma, wadda aka auna santimita 50 gaba da shi tana raguwa da kwata ko fiye, kuma a nan kayan suke zama. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana da nauyi ƙwarai, mita ɗaya ta kowane ɓangare tana haura tan ɗaya da rabi, don haka ƙaramin cokali ma idan ya cika maƙil yana iya kai lodar iyakarta.

Giya iri uku ce. Akwai ta hannu mai kuloci, akwai mai sanda ɗaya ta gaba da baya, akwai kuma ta haidirolik wadda ake takawa da ƙafa, gaba ko baya, ba canjin giya. Ta haidirolik ta fi daɗi a aikin loda da wurin da ake yawan juyawa, kuma sabon direba yana saurin saba mata. Illarta ita ce tana cin ɗan ƙarfi, doki ɗaya ko biyu a ƙaramar tarakta, tana zafi a dogon ja, tana son mai da filta masu tsabta a kan lokaci, gyaranta kuma ba kowane makanike ba. Wanda aikinsa garma da haro ne daga safe zuwa yamma, ta hannu ta fi masa.

Taya a zaɓe ta tun wurin saye, domin sauya ta daga baya yakan haɗa da sauya wili. R1 mai dogayen haƙora ta noma ce da taɓo, R3 ta filin ciyawa ce, R4 tana tsakiya, tana jure loda da tsakuwa amma taɓo yana cike ta ta koma sumul.

Ba banza ba ne ka ga taraktoci da yawa sun tsaya a doki 24 da 'yan kai. Dokar hayaƙi ta Amurka da ta Turai tana tsananta daga kilowat 19, wato kusan doki 25, shi ya sa yawancin sababbin da suka haura haka suke zuwa da matatar toka a salansa. Matatar tana ƙone tokar da ta tara lokaci-lokaci, kuma tana buƙatar inji ya yi zafi sosai da man dizal mai ƙarancin sulfa. Mai kunna tarakta ya bar ta tana aiki a sulo, ko mai yawan katse ƙonawar, ko mai zuba gurɓataccen mai, zai toshe ta, injin ya rage ƙarfi da kansa. Idan ba ka da tabbacin man da za ka riƙa samu, inji marar wannan matata ya fi maka kwanciyar hankali.

Maganar kifewa ba ta wasa ba ce, ita ce kan gaba wajen kashe masu tuƙa tarakta, kuma ƙananan sun fi saurin kifewa saboda ƙafafunsu a matse suke. Kada ka sayi wadda ba ta da ƙarfen kariya a saman kujera, kuma idan ƙarfen yana tsaye ka ɗaura bel, domin aikin ƙarfen ya bar maka fili, aikin bel ya riƙe ka a cikin filin. Cokali mai kaya a tafi da shi ƙasa-ƙasa. A gangare a hau a sauka miƙe, ban da ratsawa a karkace. Duk abin da za a ja da sarƙa, kututture ne ko motar da ta kafe, a ɗaura shi a sandar ja ta ƙasa kawai. Idan aka ɗaura sama da ƙafar baya, gaban taraktar yana tashi ta faɗo ta baya cikin kusan daƙiƙa ɗaya da rabi, ƙafa ba ta isa kuloci ba. Sandar PTO kuma tana juyawa sau tara a daƙiƙa. Bakin riga ya taɓa ta, shi ke nan. Murfinta na roba ya kasance lafiya, kuma a kashe inji kafin a sauka.

Ga mai sayen taraktar da aka taɓa amfani da ita, gani ya kori ji. Ka je da sassafe, ka dafa injin ka tabbata da sanyinsa, domin inji mai zafi yana ɓoye wahalar tashi. Ɗan hayaƙi a farkon tashi ba komai, amma shuɗin hayaƙi da ya ƙi ɗaukewa baƙin mai ne ke ƙonewa, fari mai ɗorewa kuma ko nozul ne ko ruwa na shiga silinda. Ka buɗe murfin zuba baƙin mai injin yana aiki: idan yana busa hayaƙi da ƙarfi, ringi sun ci. Man haidirolik da ya koma kamar madara ruwa ya sha. Ka ɗaga na'ura mai nauyi a baya ka kashe inji. Idan ta sauko cikin 'yan mintoci, akwai yoyo a ciki. Ka danna cokali ƙasa har tayoyin gaba su tashi, ka girgiza su ka ji ko da wasa, ka duba jiƙewar mai a cikin wilin. Ka kwatanta awannin da agogo ya nuna da cinyewar feda da kujera da fin ɗin loda, domin agogo ana sauya shi. Walda a jikin loda ko a gidan ƙafar gaba tana nuna an sha ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta.

Sunan kamfani, ko Kubota ne, ko Massey Ferguson, Mahindra, New Holland, Yanmar ko Kioti, bai kai wannan tambayar muhimmanci ba: wa ke sayar da filtarta da sil ɗinta kusa da kai, kuma kwana nawa kayan gyara ke ɗauka kafin su iso? Ka nemi filtar mai da ta iska na samfurin da kake so tun ba ka biya ba. Idan samunsu ya yi wuya yau, ranar da famfon haidirolik ya mutu ana tsakiyar aiki abin zai fi haka. Ka kuma auna ƙofar gona da ta rumfar ajiya, faɗi da tsayi, har da ƙarfen kariya a tsaye, domin wanda ƙofarsa ta yi gajarta yakan kwantar da ƙarfen ya manta bai tayar ba.

Idan ta iso gida, awa 50 na farko su ne na sauya baƙin mai da filta, da sake ɗaure notocin wili da na jikin loda, waɗanda kan saki a farkon aiki. Fin ɗin loda yana son giris kowace awa 10. Sabuwar sandar da ke haɗa PTO da na'ura kuma a gwada tsawonta kafin a kunna: a ɗaga na'urar a hankali zuwa inda tazarar ta fi gajarta, a tabbata sandar tana da sauran wurin shigewa. Idan ta yi tsawo a yanke ɓangarorin biyu daidai da juna, in ba haka ba ɗagawar farko za ta tura ta cikin gidan giya ta fasa shi.