Abin da Panzer Dragoon ya koya mini game da sarrafa lokaci

Tun da na fara koyon haɗa wasannin kwamfuta, babu wasan da na zauna na yi wa nazarin ƙwaƙwaf kamar Panzer Dragoon, wanda kamfanin Sega ya fitar a Japan a watan Maris na 1995 don na'urarsa Saturn. Kana bisa bayan wani shuɗin dodo mai fukafukai kana harbi, amma hanyar ba a hannunka take ba. Wasan ne ke jan ka gaba kamar jirgin ƙasa a kan dogo, naka kawai kauce wa hari da mayar da martani.

Wanda bai taɓa bugawa ba zai ce an ɗaure wa ɗan wasa hannu. Ni kuwa a nan na ga gwanintar Team Andromeda, ƙungiyar da ta yi aikin ƙarƙashin Yukio Futatsugi, tare da Manabu Kusunoki a ɓangaren zane. Tunda sun san inda za ka kasance a kowace daƙiƙa, sai lokaci ya zama abin sarrafawarsu. Sun san sa'adda abokin gaba zai ɓullo, da inda za a bar sama fayau ka ɗan numfasa. Har kiɗan ma ya ci moriyar wannan: bayan an tsara matakan ne Yoshitaka Azuma ya rubuta shi, shi ya sa yake tashi daidai inda abin da ke gabanka ya tashi. A wasan da mutum ke yawo yadda ya ga dama, da wuya a samu wannan dacewar.

Sun karɓe hanya, amma sun bar maka waiwaye, kuma wannan ne ya fi burge ni. Akwai ɗan rada (radar) a kusurwar allo, wanda ke nuna ta inda abokan gaba suke. Kana cikin harbin na gabanka sai ka ga ɗigo ya bayyana ta bayanka. Ka danna maɓallin L ko R, kallonka ya juya gefe, ka sake dannawa ya koma baya, ga su nan sun taso maka. Idan ka riƙe maɓallin harbi ka shafa saiti a kansu, dodon zai sa wa har guda takwas alama, kana saki ya harba haske ya bi kowanne. Maɓallai kaɗan ne, amma hankalinka ba ya hutawa.

Na'urar kanta ba mai sauƙin sha'ani ba ce, ga shi sun fara aiki ba a ma kammala ƙera ta ba. Saturn na da ƙananan sassa biyu (chips) masu zana hoto a allo, VDP1 da VDP2. A matakin farko, inda ake shawagi tsakanin kangayen da ruwa ya cinye, VDP2 ne ke shimfiɗa ruwan har iyakar gani, aka bar wa VDP1 dodo da ginshiƙai da abokan gaba. Sun duba abin da injin ya iya, suka gina kyan wurin a kansa. Mu da yawancinmu ke koyo da tsofaffin kwamfutoci, wannan ya shafe mu kai tsaye.

Ƙungiyar ta yi wasanni biyu da suka biyo bayansa, Panzer Dragoon II Zwei a 1996 da Panzer Dragoon Saga a 1998, daga nan aka rushe ta.

Yanzu kafin in buɗe kwamfuta, takarda nake ɗauka in ja dogon layi in raba shi daƙiƙa-daƙiƙa. In sa alama inda hari zai zo ta gaba, inda zai zo ta baya, da inda ba abin da zai faru sai kallo. Wuraren shirun nan su suka fi cin lokacina. Idan sun yi tsawo mai wasa ya gaji, idan sun gajarta ba zai ji zuwan babban abokin gaba a jikinsa ba. Sai na miƙa wa wani ya buga, ina gefe ina kallon yatsunsa, sannan nake sanin inda zan matsar da alamar.