Kujerar Hajiya: inda na kwana da aikin ban-ɗakinmu na Jidda

Assalamu alaikum 'yan'uwana masu koyon aikin famfo. Kun kwana biyu ba ku ji ɗuriyata ba tun da na ba ku labarin canza makullin ruwan kicin. Aiki ne babba ya riƙe ni, Juma'a huɗu na ba shi, don ita kaɗai ce ranar da nake samun kaina daga wurin aiki.

Ga mafarin abin. Bara Hajiyarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren hagu. Alhamdu lillahi ƙafa ta dawo, tana takawa da sanda, amma hannun bai dawo ba. Kun san kuma hannun hagu shi ne hannun tsarki. Ban-ɗakinmu irin na tsofaffin gidajen Jidda ne, masai na tsuguno wanda ake ce wa kursi arabi a nan, ga buta ga shaɗɗaf, wato ɗan tiyon fesa ruwa na hannu. Tsuguno ya gagara, riƙe buta da wanki a lokaci guda ya gagara. Matata ce take shiga da ita kullum, ba ta taɓa nuna gajiya ba, Allah ya saka mata. Amma sai na lura Hajiya ta rage shan ruwa, a wannan zafin, don kawai kar ta yawaita kiran surukarta. Ranar da na gane haka ban yi barci ba. Shi ya sa na ƙudura sa mata kujerar nan mai wankewa da kanta, wadda ake danna maɓalli ɗan bututu ya fito ya fesa ruwa, sannan iska mai ɗumi ta busar.

Kafin in taɓa komai sai da na tambayi limamin masallacinmu. Ya ce abin da ake nema a tsarki shi ne ruwa mai tsarki ya gusar da najasa, kuma mai larura yana yin iyakar abin da zai iya. Ya tuna min da mutanen Kuba da aka yaba a aya ta 108 ta Suratut Tauba saboda tsarkinsu da ruwa. Wannan maganar ita na kai wa Hajiya, don na san ba za ta yarda da wani inji ba sai hankalinta ya kwanta a kan sallarta.

Juma'ar farko ban ɗauki guduma ba, tef na ɗauka da bokiti. Mu'allim ɗin da nake bi in ya samu aiki, wani dattijon sabbak, wato mai aikin famfo, da ya daɗe a sana'ar, ya ce min kar in kuskura in shiga shago sai na san abu uku: tazarar bututun ƙasa daga bango, ƙarfin ruwan gidan, da irin wutar da ke cikin bangon. Na ji ta farko da ta uku, ta biyun na ɗauke ta da wasa, ita ce kuwa ta kusa cinye min kuɗi.

Na je wani shagon kayan ban-ɗaki, mai shagon ya nuna min wata kujera siririya marar tanki, kyakkyawa ƙwarai, murfinta yana buɗewa da kansa in ka matso. Ya ce tana aiki a kowane gida. Har na ba da kafin alƙalami. Da na dawo gida na zauna da takardarta sai na ga an rubuta tana bukatar ƙarfin ruwa bar 1.5 yayin da ruwan ke gudu, da lita 20 a minti ɗaya. Ku riƙe wannan lissafin, don zai yi muku amfani a gidaje da yawa a ƙasar nan: ruwa yana zuwa tankin ƙasa, dinamo ya tura shi khazzan, wato tankin saman rufi, daga can ya gangaro da nauyinsa kawai. Tsawon mita 10 shi ke ba da wajen bar 1. Tankinmu bai fi mita 6 sama da ban-ɗakin ba, ke nan bar 0.6 muke da shi, ko rabin abin da kujerar ke nema bai kai ba. Na kwance shaɗɗaf, na tara bokitin lita 10 a bakin mahbas, wato makullin ruwa, na duba agogo. Sai da ya ci minti ɗaya da daƙiƙa goma sha biyar kafin ya cika, wato wajen lita 8 a minti. Da na sa waccan kujerar, da ruwan da zai kora ƙazanta ba zai taɓa isa ba, sai a riƙa bin ta da bokiti.

Na koma shagon da lissafina a rubuce. An ɗan ja magana, a ƙarshe ya canza min da wadda take da ɗan tanki ɓoye a cikinta da ƙaramin famfon tura ruwa nata na kanta. Ta fi waccan kauri, ba ta kai ta kyau ba, amma ita ce ta gidan da ruwansa ke gangarowa daga rufi. Na so in sayi TOTO, mutanen Japan ɗin da suka fito da tasu kujerar mai wanki, Washlet, tun 1980, sai dai aljihu bai kai ba. Ra'ayina shi ne in dai akwai wakilin kamfani a garinku da za ku samu matata da bututun fesawa idan sun lalace, to ya fi muku babban suna da ba ku da inda za ku sayi kayan gyaransa. Waƙa da fitila mai launi da murfi mai buɗe kansa kuwa ban ƙara ko riyal ɗaya saboda su ba.

Juma'a ta biyu ita ce ta ƙura. Sai da na nemi izinin mai gidan tukuna, tunda haya muke. Na kashe ruwa, na fasa tayil ɗin da ke kewaye da kursi arabi da guduma da cizal, a hankali, daga gefe zuwa ciki. A ƙarƙashinsa akwai gwiwar bututun nan mai riƙe ruwa don tare wari, wadda masu sana'ar ke ce wa ku'u riha. Ni da na so in bar ta, in ɗora sabuwar kujera a kai. Mu'allim ya leƙo ya ce, "A'a ɗana, fitar da ita. Kujerar afranji, irin ta zama, da tata gwiwar take zuwa. In ka haɗa biyu, iska za ta maƙale a tsakaninsu, ruwa ya riƙa tafiya kamar mai ciwon ƙafa." Na ce, "To mu'allim." Na yanke ta, na sa gwiwa mai sauƙi ta inci 4, na ja bututun har tsakiyarsa ya zauna daidai santimita 30 daga bango.

A kula da wannan awon. Daga fuskar tayil ɗin bango ake aunawa zuwa tsakiyar bakin bututu, ba daga bulo ba, ba kuma zuwa gefen bututu ba. Kujeru suna zuwa da tazara daban-daban, akwai ta 25, ta 30, ta 40, akwai kuma masu fitarwa ta bango. In ka rage santimita biyu kujerar ba za ta shiga ba, in ka ƙara sai ta bar rami a baya inda datti zai taru.

Da yake na riga na buɗe ƙasa, na duba alƙibla ma. Hadisin Abu Ayyub al-Ansari da ke Bukhari da Muslim ya hana fuskantar alƙibla ko ba ta baya wajen biyan bukata. Malamai sun yi magana a kan cikin gini, amma wanda ke da zaɓi me zai sa ya shiga saɓani? Mu a Jidda Makka tana gabas da mu, don haka na jingina kujerar da bangon kudu, mai zama yana kallon arewa.

Na cike ramin da yashi da siminti, na shafa azal mai hana ruwa ratsawa har ya hau bango kamar taƙi ɗaya, na toshe bututu na tara ruwa a wurin kwana biyu. Na sauka wajen maƙwabcinmu na ƙasa na duba silin ɗinsa, a bushe. Sannan na shimfiɗa tayil.

Juma'a ta uku wuta. A nan ban yi jarumta ba, kahraba'i, wato mai aikin wuta, na kira, kuma ina roƙonku ku yi haka. Tsofaffin gidajen nan da yawa suna da wuta iri biyu a bango ɗaya, volt 127 da 220, ko da yake tun 2010 hukuma ta yanke a koma 230. Soket ɗin da ke kusa da madubinmu da aka gwada shi 127 ne, ba shi kuma da wayar ƙasa. Na biyu, wutar Saudiyya hertz 60 ce, ta Najeriya da Turai da Sin 50. Duk wanda zai yi odar irin wannan kujera daga waje ya duba an rubuta 50/60 a jikinta. Wadda ake yi don amfani a cikin Japan kuwa volt 100 ce, ba ta nan ba ce sam. Tawa tana jan wajen wat 1,400 lokacin da take ɗumama ruwa, don haka ya ja mata layinta daban daga akwatin wuta, da wayar ƙasa, da makatsin nan mai yanke wuta da zarar ta zurare, na miliamfiya 30. Na sa ya ɗaga soket ɗin sama sosai, mai murfi, saboda mu ban-ɗakinmu da tiyo ake wanke shi, ruwa har bango. Mutum a jiƙe, ƙafa ba takalmi, a zaune kan abu mai wuta: wannan ba wurin rage kuɗi ba ne.

Juma'a ta huɗu na ɗora ta, kuma wannan ne mafi sauƙi a duk aikin. Akwai kwali mai zanen gindin kujerar a cikin akwatin, na shimfiɗa shi na zana da fensir. Na manna zoben roba mai danƙo a bakin fitar ruwanta, ni da ƙanena muka ɗaga ta muka sauke a miƙe, sau ɗaya, ba murɗawa. Na ɗora mizan na gwada daidaito, ƙwayar iskar ta ɗan karkata dama, na cusa 'yar roba a ƙarƙashi har ta zauna tsakiya. Na zagaye gindin da silikon, na bar ɗan wuri a baya ban shafe ba, don in wata rana ta yi yoyo ruwan ya fito mu gani, kar ya ɓuya.

Kafin in haɗa tiyon ruwa na buɗe mahbas cikin farin bokiti. Ku zo ku ga abin da ya fito: jan ruwa, sai yashi ya kwanta a gindi kamar cokali guda. Ruwan Jidda na teku ne da ake tacewa a tashoshi irin ta Shu'aiba, yana zuwa da tsabtarsa, tankunanmu da tsofaffin bututu ne ke ɓata shi. Hujin bututun fesawa ƙanana ne kamar na allura, wannan yashin zai toshe su cikin mako. Na bar ruwa ya zuba har ya yi fari, na sa matata a tsakani. Mahbas mai baki biyu na sa, ɗaya na kujera, ɗaya na shaɗɗaf, don ban cire shaɗɗaf ba, buta ma tana nan a kusurwarta. Ranar da aka ɗauke wuta su za a koma wa, ko da yake kujerar tana da gidan batir na kora ruwa in hakan ta faru. Na hana kowa zama sai da silikon ya yi awa 24.

Rimot ɗin na kafa shi a bangon dama, daidai inda hannun Hajiya mai lafiya zai kai ba tare da ta juya ba. Maɓallansa sun fi goma, rubutun ƙanana. Matata ta ɗauko jan farce ta ɗiga a kan na wanki, ta liƙa ɗan farin tef a na busarwa, na tsayarwa kuma dama shi ne babba. Sauran muka rufe su da takarda. Ƙarfin fesawa na sa shi a mafi ƙanƙanta. Ita ta shiga da Hajiya ta nuna mata, ni ina tsaye a falo. Na ji ƙarar ɗan injin, na ji Hajiya ta yi salati da ƙarfi, sai kuma shiru.

Washegari da asuba na ji ƙwanƙwasar sandarta a kan tayil. Na saurara in ji ta kira sunan matata kamar kullum. Ba ta kira ba. Ƙofa ta rufe, can ta buɗe, na ji ta tana alwala. Da na je gaishe ta bayan na dawo masallaci, tana kan darduma, ta ce, "Kai yaro, miƙo min gorar ruwan nan." Ta shanye kusan rabi. Sannan ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka." Na ce, "Amin Hajiya," na fita da sauri.

Saura matsala ɗaya da ban warware ba, ita nake neman shawararku a kai. Kujerar tana ɗumama ruwa, ba ta sanyaya shi. Da azahar, tankin rufi da bututun da ke kwance a rana suna aiko da ruwa mai zafin da ni kaina ba na iya riƙe hannu a ciki. Ɗan tankin cikin kujerar yana taimaka wa wajen kora, amma na fesawa kai tsaye yake zuwa daga layi. Wani abokin koyo ya ce in haɗa ta da layin hita, tunda da bazara mutane kan kashe hita su mayar da ita ma'ajiyar ruwan sanyi. Na ƙi. Ranar da sanyi ya shigo wani ya kunna hitar bai sani ba, tafasasshen ruwa zai tafi kan tsohuwar da ba ta iya zabura ta tashi. A yanzu dai tsakanin azahar da la'asar matata kan fara zubar da ruwa ta shaɗɗaf har ya huce kafin Hajiya ta shiga.

Juma'a mai zuwa zan hau rufi in naɗe bututun da soso mai hana zafi, in yi wa khazzan ɗin rumfa, sannan in kafa ƙarfen dafawa a gefen kujerar. Wanda ya taɓa naɗe bututun rufi a garin nan ya faɗa min kaurin soson da ya sa, da abin da ya rufa a kansa rana ba ta cinye shi ba.