Rigar ceto a jiki take aiki, ba a ƙarƙashin kujera ba

Mai shiga ƙaramin jirgin ruwa don shaƙatawa ya fi tsoron hadari da guguwa, amma sau da yawa ruwa yana cin mutum ne da rana tsaka, gari garau. Mutum ya miƙe zai gyara igiya, ko ya miƙa hannu zai cafko hular da iska ta fizge, jirgi ya ɗan karkata, sai ji kake tsundum. Alƙaluman da hukumar tsaron gaɓar tekun Amurka ke fitarwa duk shekara suna nuna cewa sama da kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka nutse a haɗarin jiragen shaƙatawa ba su sanye da rigar ceto.

"Ai na iya ruwa." Wannan maganar ta janyo asarar rayuka da yawa. Idan sanyin ruwa ya yi ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Selshiyas, da faɗawar mutum numfashinsa ke fizga ba da sonsa ba, kuma in kansa na ƙarƙashin ruwa a wannan lokacin, ruwa zai shaƙa. Yakan ɗauki kamar minti ɗaya kafin numfashi ya daidaita, sannan cikin kamar minti goma hannuwa su soma sandarewa har ya kasa riƙe igiyar da aka jefa masa. Gwanin iyo ma haka jikinsa zai yi. Balle wanda ya bugi kansa kafin ya faɗa.

Rigunan ba ɗaya ba ne, kuma lambar da ke jikinsu ita ke faɗin ƙarfin ɗagawarsu. Mai lamba 50N tallafi ce kawai ga wanda ya iya iyo kusa da gaɓa, ba ta juya sumamme. Mai 100N ta ruwa kwance ce mai mafaka. Mai 150N ita aka yi don buɗaɗɗen ruwa, an tsara ta ta juya mutum fuska sama ko da ya suma. Bayan ka sa ka ɗaure, ka ce wani ya kama kafaɗun rigar ya ɗaga. In ta haura ta wuce haɓarka zuwa kunne, ta yi maka yawa ko ba ta ɗauru ba, kuma haka za ta yi a cikin ruwa: ita tana sama, kai kana zamewa ƙasa. Maɗaurin nan da ke bi ta tsakanin ƙafafu, wanda mutane ke ƙyuyar ɗaurawa, shi ke hana wannan. Yaro kuwa a ba shi wadda ta dace da nauyinsa. Kada a ce zai girma ya cika ta.

In rigarka irin mai kumbura da kanta ce, akwai 'yar tukunyar iskar gas a ciki, yawanci mai giram 33 a riga mai 150N. Girgizar jirgi na iya kwance ta a hankali, don haka ka murɗa ka tabbatar ta ɗauru, ka duba ko ta yi tsatsa ko an riga an huda bakinta. Lokaci-lokaci ka hura rigar ta bututun baki ka ajiye ta kwana ɗaya. In ka tarar ta sace, tana yoyo.

Sai igiyar kashe inji, 'yar jar igiyar nan mai lanƙwasa. Gefe ɗaya a jikin makunni, ɗaya gefen a cinyar matuƙi. In matuƙi ya faɗa ruwa ba ta jikinsa, injin ba zai mutu ba, jirgin ya riƙa zagaye ba mai riƙe da shi, yana dawowa kan mutumin da farfela tana juyawa. Kafin tashi, ka kunna inji ka fizge igiyar ka ga ko ya mutu.

Idan wani ya faɗa, a yi ihu kowa ya sani, a jefa masa duk abin da ke yawo a kan ruwa nan take. A ware mutum ɗaya wanda ba shi da aiki sai nuna shi da yatsa, kada ya ɗauke ido ko na daƙiƙa, domin kan mutum a cikin raƙuman ruwa bai fi ƙwallo ba, in ya ɓace da wuya a sake ganinsa. Matuƙi ya juyo a hankali, ya tunkaro shi goshin jirgi na fuskantar iska, saboda iskar ta taya shi rage gudu. Da an matso a saka inji a firi, in za a ɗauko shi ta baya a kashe shi gaba ɗaya. Kada wani ya yi tsalle ya bi shi, sai a koma neman mutum biyu. Ɗauko jiƙaƙƙen mutum ya fi yadda ake zato wuya, shi ya sa tsani ko igiya mai madauki don taka ƙafa ke da amfani. Ya kamata a gwada duk wannan da jarka a madadin mutum a ranar da babu abin da ya faru.

Kada a wuce adadin mutane da nauyin da maƙerin jirgi ya rubuta, kaya masu nauyi su zauna ƙasa a tsakiya. Ruwan da ya shigo a kwarfe shi tun yana kaɗan: lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma yana gudu zuwa ɓangaren da jirgi ya karkata ya ƙara danne shi. Anga, wato ƙarfen da ake jefawa ya kama ƙasan ruwa ya tsayar da jirgi, daga goshi ake jefa ta. Wanda ya ɗaura ta a baya, inda jirgi ya fi kusa da ruwa ga kuma nauyin inji, raƙuman ruwa za su riƙa zubowa ciki. A saki igiya kamar ninki bakwai na zurfin wurin, domin a kwance anga ke kama ƙasa.

Mai a kasa shi uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ko-ta-kwana. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan jirgi yana jiran tartsatsi, don haka jirgi mai inji a ciki sai an kunna fankar fitar da tururi na aƙalla minti 4 kafin a tayar.

A jirgi mai tafiya da iska, sandar da ke kwance a ƙasan ƙyallen da ke kama iskar ita ce abin kiyaya. In iska na bayanka ta ɗan sauya gefe, sandar na iya sharo jirgin daga wannan ɓangare zuwa wancan daidai tsayin kai. Kuma da zarar ka fara tunanin ko a rage ƙyalle, a rage, don in iska ta riga ta yi ƙarfi aikin ya ninka wahala.

Kafin tashi ka duba hasashen yanayi, ka faɗa wa wani a tudu inda za ku, ku nawa ne, da lokacin dawowa. Waya tana rasa sabis, kuma mutum ɗaya take kira. Rediyon VHF, na magana tsakanin jiragen ruwa, a tasha ta 16 kuwa duk jirgin da ke kusa zai ji. In rai na cikin haɗari ka ce "Mayday" sau uku, sannan sunan jirgi, inda kuke, abin da ya faru da yawanku. In jirgi ya kife amma bai nutse ba, ku riƙe shi, ku hau bayansa in zai yiwu, ku ƙirga juna. Gaɓa ta fi yadda ido ke nuna ta nisa, kuma masu ceto sun fi saurin hango jirgi a kife fiye da kan mutum.